Wutar fetur da bokitin ruwa: kurakuran da na gaji da gani

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran janareto a Jega, kuma duk yaron da aka kawo mini koyon aiki halinsu ɗaya: wuta na tashi sai ya ruga ya ɗauko ruwa. Ni ma na taɓa yi, har yau tabon yana hannuna na dama. Ruwa ya fi fetur nauyi, in ka watsa sai ya shige ƙasa, man ya hau samansa yana ci yana malala. Wutar da faɗinta bai wuce faranti ba, bokiti ɗaya ya kai ta ƙarƙashin benci inda jarkoki suke. Rabin shagona ya tafi a ranar.

Toshe wa wutar iska ake yi. Ni bokiti biyu na yashi nake ajiyewa a bakin ƙofa, wanda ya taɓa su don wani aiki sai mun ɓata. Bargo mai kauri da aka jiƙa ma yana yi, ban da buhun leda, narkewa zai yi ya manne maka. In kana da tukunyar kashe gobara mai hoda, gindin wutar za ka nufa, ba harshenta ba.  

Na biyu, kai yaro, wa ya koya maka zuba wa janareto mai yana aiki? Ba ruwan man ne ke fara kamawa ba, tiririnsa ne. Ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa shiru har ya tarar da garwashin mai shayi. Kashe injin, bar shi ya huce, sannan ka zuba.

Kada a haɗa fetur da kananzir a risho ko fitila. In riga ta kama, kada ka gudu, kwanta ka yi birgima.

Tankar mai kuwa in ta faɗi, ka tuna Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka rasu, akasarinsu wajen kwasar mai. Ka yi nisa ta inda iska ke tahowa, ka kira 'yan kwana-kwana.