Yadda na gano inda ruwan gidanmu ke zurarewa

Wata biyu a jere kuɗin ruwa na zuwa ninki biyu. Na zargi mita, har maƙwabta ma na zarga, Allah ya yafe min.

Ƙarfe 10 na dare na rufe duk famfunan gida, na rubuta lambar mita. Da asuba ta ƙaru da 0.3, wato lita 300, tunda kubik mita ɗaya lita 1,000 ce. Sai na ɗiga bula a tankin masai, ban ja ruwa ba. Cikin minti 15 shuɗi ya sauko ƙasa. Ashe robar gindin tankin ce ta cinye. Na rufe bawul ɗin bango, na juye ruwan, na sa sabuwar roba. Daren jiya mita ko motsi ba ta yi ba. Alhamdulillahi.