Kurakuran ɗalibai masu zuwa aikin sa-kai da kiɗa a ƙasashen waje

Da zarar dogon hutu ya ƙarato sai saƙonni su fara shigo mini daga ɗaliban sashen kiɗa da na nazarin halayyar ɗan'adam. An samu gurbin aikin sa-kai a wata ƙasa, mako uku ko wata guda, za a yi jinya da kiɗa da marayu, ko 'yan gudun hijira, ko tsofaffi masu cutar mantuwa, me zan ce musu? Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ban taɓa shakkar niyyarku ba, ƙannena. Sai dai kuskuren da 'yan bara suka tafka shi ne 'yan bana suke ɗaura ɗamarar tafkawa, kuma ba ku ne kuke kwana da ciwon ba, waɗanda kuka baro can ne.

Da farko ku san matsayinku. Iya kaɗa jita daban, iya jinya da kiɗa daban. A Birtaniya doka ba ta yarda mutum ya kira kansa mai wannan sana'a ba sai ya yi digiri na biyu a fannin, hukumar HCPC mai sa ido kan ma'aikatan lafiya ta yi masa rajista. A Amurka sai ɗalibi ya cika awa 1,200 na horo a aikace kafin ya zauna jarrabawar hukuma. Kai da kake aji biyu, abin da aka hana ka yi a ƙasar da ake sa ido bai halatta gare ka ba don kawai ka je inda babu mai tambayarka takarda. Ka gaya wa masu masaukinka tun ranar farko cewa kai ɗalibi ne, ka zo taya su da kiɗa, kuma ka nemi a nuna maka ƙwararren da zai duba aikinka. In babu shi, to abin da za ka yi wasa ne da waƙa, kada ya wuce nan.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne tono. Ɗalibi ya karanta cewa kiɗa yana fito da abin da baki ya kasa faɗa, sai ya tafi da burin ya ga an fashe da kuka a gabansa, yana ganin hawaye shi ne shaidar aiki ya ci. Wata ɗaliba da aka haɗa ni da ita a wata cibiya ta mata waɗanda suka tsero daga yaƙi ta yi haka. Yarinya ce mai ƙwazo. Ta shiga intanet ta nemo waƙar reno ta ƙasarsu, ta hardace ta tsaf ba tare da ta gaya wa kowa ba, tana so ta ba su mamaki. Ana cikin zama na farko, kowa da kacau-kacau a hannu, ana dariya, sai ta ɗauko waƙar. Ba ta kai baiti na biyu ba na ga hannun wata mata ya tsaya cak a sama. Idonta a buɗe yake amma ba ta ganin kowa a ɗakin, numfashinta yana fita sama-sama, leɓenta na ƙasa yana rawa. Can sai kacau-kacau ɗin ya suɓuce ya faɗi, ta miƙe ta fita ko takalminta ba ta ɗauka ba. Daga baya ma'aikaciyar cibiyar ta gaya mana da wannan waƙa matar take lallashin ɗanta, kuma ɗan bai iso tare da ita ba.

Da yamma ɗalibar ta ce mini ai gara da abin ya fito, ta ga matar ta fara buɗe zuciyarta. Wallahi ranar sai da na fita waje na sha iska kafin na iya ba ta amsa. Wace zuciya ta buɗe? Fama mata miki aka yi, aka bar ta ta koma ɗaki ita kaɗai da shi. Matar ba ta ƙara zuwa ba, ƙawayenta ma suka janye ɗaya bayan ɗaya, shugabar cibiyar ta dakatar da shirin gaba ɗaya, kuma tana da gaskiya. Amanar da aka yi watanni ana ginawa ta rushe a cikin minti biyu. Garin neman gira aka rasa ido.

Ku fahimci wani abu: kiɗa ba kullum alheri yake tuna wa mutum ba. A Ruwanda a 1994 gidan rediyon RTLM yana saka waƙoƙi a tsakanin kiran da yake yi na a fita a kashe mutane. A gidajen tsaro da dama a duniya an azabtar da fursunoni da kiɗa mai ƙara dare da rana. Bugun ganga guda ba zato yana iya zama ƙarar bindiga a kunnen wanda ya kwana a ƙarƙashin gado ana harbi. Kai baƙo ne, ba ka san wace waƙa aka rera a wace jana'iza ba.

Abin da nake yi ni dai, a makon farko ba na kawo waƙar ƙasar kowa. Nakan fara da bugu mai sauƙi wanda ba ya canzawa, a hankali, kowa ya san abin da zai biyo baya. Ƙofa a buɗe take, kuma ina faɗa da bakina cewa duk wanda yake son fita ya fita ba sai ya nemi izini ba. Su ne za su kawo waƙarsu ranar da suka ga dama, ni kuma in bi su a baya. In na tarar da mutum jikinsa a mace ba na afka masa da kiɗan murna, daga inda yake nake farawa sannan in ja shi kaɗan-kaɗan. Wannan tsohuwar dabara ce da likitan ƙwaƙwalwa Ira Altshuler ya bayyana a Amurka tun shekarun 1940. Sannan ba na taɓa zama da waɗanda suka ga tashin hankali sai akwai ma'aikacin wurin a cikin ɗakin, wanda ya san su, wanda kuma zai kasance nan da daddare bayan ni na koma masauki.

Wani kuskuren kuma shi ne na gidan marayu da yadda ake rabuwa. A nan kam ba zan sassauta muku ba. Kuna dawowa kuna ba da labarin yadda yara suka ruga suka rungume ku tun ranar farko, suka ƙi sakin ƙafarku, kuna jin daɗi. Yaron da yake liƙe wa duk baƙon da ya shigo ba ƙaunarka ce ta kama shi ba, alama ce ta cewa bai samu mutum guda tsayayye da zai jingina da shi ba. Kai kuma ka zo da jita, ka dube shi ido cikin ido, ka rera sunansa a waƙa, abin da babu wanda ya taɓa yi masa, bayan mako uku ka hau jirgi. Wata mai zuwa wani ya zo ya sake. Me kuke koya wa yaron nan in ba cewa duk wanda ya so shi tafiya zai yi ba? Ga kuma abin da masu tallar tafiyar ba za su gaya muku ba: binciken da UNICEF ta tallafa a Kambodiya ya nuna kusan uku cikin huɗu na yaran da ke gidajen marayu suna da aƙalla mahaifi ɗaya a raye. Talauci ne ya kai su, wani lokaci kuma kuɗin baƙi ne yake sa a cika gidan da yara. Abin ya kai ga Ostireliya a 2018 ta sanya safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautar zamani. Ni na daina rubuta wa ɗalibi takardar shaida zuwa gidan marayu na 'yan makonni, ko zai ji haushina.

In za ka je, je inda za ka yi aiki da masu kula da mutanen, domin baƙo raɓa ne. Ƙungiyar Music as Therapy International da ta fara aiki a Romaniya a 1995 a kan wannan ta ginu, tana horar da ma'aikatan wurin su ci gaba da zaman kiɗa bayan baƙi sun tafi. Tambayar da nake yi kafin in amince da kowane shiri ke nan: wa zai riƙe gangar nan bayan tafiyata? Sannan ina liƙa takarda a bango mai gidaje daidai da yawan zaman da za mu yi, a ƙarshen kowane zama yaro ɗaya ya soke gida guda, kowa yana ganin abin yana ƙarewa. Waƙar gaisuwa ɗaya, waƙar sallama ɗaya, ba na canza su. Kuma kada ka kuskura ka ce zan dawo don kawai ka ga ƙwalla a idon yaro, alhali ka san ba ka da kuɗin jirgi.

Sauran ƙanana ne, amma ku kiyaye. Wayarku ta zauna a jaka. Hoton ɗan gudun hijira a Facebook yana iya nuna wa waɗanda ya guje wa inda yake, kuma murmushin yaro ba izini ba ne. Ku rage ƙara, musamman da yara masu galahanga da tsofaffi masu na'urar ji. Iyakar ƙarfin sautin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, wanda ake aunawa da desibel, desibel 80 ne ga babba na awa 40 a mako, 75 ga yara, ganguna goma a ƙaramin ɗaki kuwa sun zarce haka nesa. Sarewa da duk abin busawa ba a zagaya da su baki-baki. Ku tambaya tun kafin ku buɗe jaka ko akwai waɗanda addininsu ko al'adarsu ba ta yarda da wani irin kiɗa ba, ko da haɗa maza da mata, kada ku tsaya musu a kai. Ƙungiyar da ba ta nemi takardar shaidar 'yan sanda daga gare ka ba kafin ta haɗa ka da yara, ba ta nema daga kowa ba, ka guje ta. Ka bincika ko bizar yawon buɗe ido ta ba ka damar aikin sa-kai, don ba kowace ƙasa ce ta yarda ba.

Kada ku kwaso kayan kiɗa masu tsada waɗanda in tsirkiya ta tsinke babu inda za a samu wata. Ku sayi abin da ake samu a ƙasar, ku miƙa shi hannun ma'aikacin da zai ci gaba, tare da littafin da kuka riƙa rubuta abin da ya faru bayan kowane zama: wa ya taɓa ganga yau, wa ya toshe kunne, a kan wane sauti.