Yadda ake shiga tseren karo na kwale-kwale a Oksfod da Kambirij

Kogin Kam da ya ratsa garin Kambirij a Ingila ƙunci gare shi, ga kuma yawan lanƙwasa. Haka ma kogin Tems yake a daidai Oksfod, inda mutanen garin ke kiransa Aisis. Kwale-kwalen tsere mai matuƙa takwas kuwa ya haura mita 17 a tsayi, ga filafilai miƙe dama da hagu, don haka babu halin jera goma kafaɗa da kafaɗa a ce su tashi tare. Sai ɗalibai suka nemo dabara: a jera su ɗaya bayan ɗaya, a tashe su lokaci guda, kowa ya yi ƙoƙarin taɓa na gabansa kafin na bayansa ya taɓa shi. Wannan shi ne tseren karo, wanda su ke kira bamps. An fara shi a Oksfod a 1815 tsakanin kwalejojin Brasenose da Jesus, Kambirij ta biyo baya a 1827. In karatu ya kai ka ɗaya daga cikin jami'o'in nan biyu, ga yadda za ka shiga a dama da kai.

Fara daga kulob ɗin kwalejinka

Ba jami'a ce ke tsere da jami'a ba a nan, kwalejojin cikin jami'a ɗaya ne ke fafatawa da junansu. Ka nemi kulob ɗin tuƙi na kwalejinka tun a watan Oktoba, lokacin da ake ɗaukar sababbi. Kada rashin sani ya hana ka, yawancin waɗanda za ku fara tare ba su taɓa riƙe filafili ba. Abin da ba a sassautawa shi ne iyo. A Oksfod sai ka ci gwajinsa kafin a bar ka ka shiga tsere. Atisaye galibi da duku-duku ake yi kafin a shiga aji, cikin sanyin da ke ƙandarar da yatsu. Wanda ya saba tashi sallar asuba ya riga ya sami rabin sauƙi.

Kujeru tara ne a jirgin: matuƙa takwas da mai akala, wato mai juya jirgin yana ba matuƙa umarni. In kai ƙaramin jiki ne kuma kana da murya da natsuwa, ka nemi kujerar mai akala. A tseren karo babu wanda ya kai shi muhimmanci.

Ka san lokaci, ka san gurbinku

Kowace jami'a tana yi sau biyu a shekara. Oksfod na da Torpids wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, sai Summer Eights a watan Mayu. Kambirij na da Lent Bumps a ƙarshen hunturu, sai May Bumps, wanda duk da sunansa a watan Yuni ake yinsa. Kowane jirgi yana da kwana huɗu na tsere, maza daban mata daban.

An kasa jiragen rukuni-rukuni, 13 ke tashi tare a Oksfod, 17 ko 18 a Kambirij, kuma duka rukunan tsani ɗaya ne daga sama har ƙasa. Gurbin da za ku tashi ba ku kuka zaɓe shi ba, gado ne: inda jirgin kwalejinku ya ƙare bara, nan za ku fara bana. Abin da na fi so game da wannan tsere ke nan. Ƙoƙarin ɗaliban da suka gama karatu suka tafi shi ne ka tarar, naka kuma wasu za su tarar. Saboda ba a hawa da yawa a shekara ɗaya, kwalejin da ke tsakiyar tsani tana buƙatar shekaru a jere na jirage masu kyau kafin ta hango sama. Jiragen da ke can ƙasan tsani kuwa sai sun yi tseren agogo na share fage kafin su sami gurbi.

Tashi

Ku isa wurin tashi da wuri, ku juya jirgin ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, domin gāba da ruwa ake tuƙawa. Kowane gurbi yana da abin riƙewa da aka ɗaure a gaɓa, sarƙa a Kambirij, igiya a Oksfod. Mai akala ya riƙe ƙarshenta, kada ya sake ta sai an tashi. Tsakaninku da na gaba kamar tsayin jirgi ɗaya da rabi ne, haka ma na baya.

Da ƙaramar igwa ake ba da alama, sau uku. A Kambirij ana buga ta saura minti huɗu, sai saura minti ɗaya, sai ta tashi. A Oksfod ta farkon saura minti biyar ce. Bayan ta biyu koci zai riƙa ƙidaya daƙiƙoƙi da ƙarfi daga gaɓa, a tura jirgin tsakiyar ruwa da doguwar sanda. Matuƙan da ke goshin jirgi su ɗan taɓa ruwa don daidaita hanci. Wannan ƙaramin aiki ne amma kada a raina shi, jirgin da ya tashi a karkace zai nufi gaɓa ne kai tsaye. Kowa ya matso gaba, filafili a cikin ruwa, a yi shiru.

Cikin tsere

Ga abin da ba wanda zai gane sai ya zauna a kujerar: matuƙi baya yake fuskanta. Jirgin da kuke farauta ba ka ganinsa ko kaɗan, wanda ke farautarku shi ne a gaban idonka, kana kallon hancinsa yana matsowa. Nan ne sababbi ke rikicewa. Tsoro ya sa su fara gaggawa, kowa yana tsoma filafilinsa lokacin da ya ga dama, jirgin ya yi nauyi. Sauri ya haifi nawa. Ka kafa idonka a bayan wanda ke zaune gabanka, ka shiga ruwa tare da shi, ka fita tare da shi, kunnenka kuma yana wajen mai akala, shi kaɗai ke ganin gaba.

Tseren na iya ƙarewa cikin minti ɗaya ko biyu, yana kuma iya kai ku har ƙarshen fage. Don haka tun kafin ranar ku yanke shawara bisa gaskiya. In kun san na bayanku sun fi ku, ku zuba duk ƙarfinku tun farko ku kama na gaba kafin a kama ku. In kun fi kowa juriya, ku tashi da ƙarfi sannan ku sauka kan bugun da za ku iya riƙewa, ku bar na gaba su gaji.

Masu horarwa suna bin ku a kan keke ta gefen kogi da usur. A Kambirij al'adar ita ce busa ɗaya in saura tsayin jirgi ɗaya, biyu in saura rabi, uku in kun kusa ƙwarai, sai busa ba ƙaƙƙautawa in hancinku ya shiga gefen wutsiyarsu. Kuna matsowa ruwa na ƙara lalacewa, domin kuna cikin igiyar ruwan da suka tayar ne. A nan filafili ke maƙalewa cikin ruwa ya doki mutum a ciki, wani lokaci ya tsayar da jirgin baki ɗaya. Ka sassauta riƙo, ka fitar da filafilin tsaf kafin ka juya shi.

Mai akala kuma ya haddace kwanoni. A Kambirij kwanar Grassy da ta Ditton ne ke raba gardama, a Oksfod matsatsin da ake kira Gut. Wanda ya yi faɗi a kwana ya ba na baya kyautar rabin jirgi.

In an yi karo

Karo ya tabbata in wani sashe na jirginku ko filafili ya taɓa nasu, ko kuma mai akalarsu ya ɗaga hannu ya sallama. In kai ne ake kamawa kuma ka ga babu makawa, ka ɗaga hannu da wuri. Taurin kai a nan karya jirgi yake yi, yana kuma iya jikkata mutum. Murna ta dakata tukuna: akwai jirage da ke tafe a guje a bayanku, sai ku yi maza ku matsa gefe, ku janye filafilai, ku buɗe hanya. Torpids ya sha bamban a nan, wanda ya yi karon ne kawai ke fita, wanda aka kama zai ci gaba da tuƙi, ana iya sake kama shi a ranar. In ka ji ƙahon tsayar da tsere, kowa ya danne filafilinsa cikin ruwa nan take.

Lissafin kwanaki huɗu

Waɗanda suka yi karo suna musayar gurbi washegari. Wanda bai kama ba kuma ba a kama shi ba, gobe yana inda yake. In jirage biyu na gabanku suka yi karo suka fita, kada ku karaya, akwai na gaba da su. In kuka cim masa kun hau gurbi uku a rana ɗaya. Jirgin da ya ƙare a saman rukuninsa zai sake tuƙi a ranar a wutsiyar rukunin da ke sama, ta nan ake tsallakawa, don haka ku tanadi ruwan sha da ɗan abin ci. Na saman tsani ba shi da wanda zai kora, aikinsa ya tsere wa kowa har rana ta huɗu a kira shi Shugaban Kogi.

A Kambirij za ka gane waɗanda suka yi karo tun daga nesa, domin suna tsinko ganye a gaɓa su soka a gashi kafin su tuƙa gida. Wanda aka kama kullum cokali ake ce ya samu. Waɗanda suka kama jirgi a duk kwanakin huɗu kuwa sun ci filafili: a fente shi da launin kwalejinsu, a rubuta sunayen mutum taran da sunayen kwalejojin da suka kama. A Oksfod har a bangon farfajiyar kwaleji ake zana wannan da alli, sababbin ɗalibai su zo a Oktoba su tarar da shi.