Yadda ake shirin fita waje karatun likita, a dawo a samu lasisin aiki a gida

Da farko ka duba sakamakon WAEC ko NECO ɗinka. Sai da kiredit biyar: Ingilishi, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, kuma na zama ɗaya ya fi. Wata makarantar a waje za ta ɗauke ka ko babu kemistiri muddin ka biya kuɗi, amma ranar da ka dawo wannan takardar za a fara nema. Idan akwai giɓi, sake jarrabawar tun yanzu.

Na biyu, ƙasa. Cire Amurka daga lissafi idan daga sakandare ka fito, domin can sai mai digirin farko yake shiga makarantar likita. Inda mutanenmu suka fi zuwa su ne Masar, Indiya, Sin da Rasha, a da kuma har da Sudan da Yukiren. A Indiya shekara huɗu da rabi ne, sai shekara ɗaya ta aikin asibiti. A Rasha shekara shida, ban da shekarar koyon harshe ga mai karatu da Rashanci. Ka duba zaman lafiyar ƙasar kamar yadda kake duba kuɗin makaranta. Yaƙin da ya ɓarke a Khartoum a Afrilun 2023 ya sa an kwaso ɗalibai da yawa babu ko takardar sakamakon shekarun da suka yi. Bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren kuma, a 2022, hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN, ta ce ba za ta amince da likitancin da aka koya ta intanet ba. Saboda haka duk ƙarshen shekara ka karɓi takardar sakamakonka mai hatimi ka ajiye kwafi a gida.

Na uku, makarantar kanta, kuma nan ne ake faɗuwa. Ejan zai nuna maka hoton gini da ɗakin kwana mai na'urar sanyi. Wannan ba shi ne abin dubawa ba. Ka nemi sunan makarantar a kundin makarantun likita na duniya, WDOMS, sannan ka tambayi MDCN da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya kai tsaye, kafin ka biya ko sisi. Bayan haka ka samo ɗan Najeriya da yake aji biyar a can, ba ɗan aji ɗaya ba, ka yi masa tambaya uku: makarantar tana da asibitin koyarwa nata? Ɗalibi nawa ke tsayawa a kan gado ɗaya? Kai da hannunka ka taɓa sa wa majiyyaci allurar ƙarin ruwa, ko ka karɓi haihuwa?

Dalilin tambayar shi ne, “ana koyarwa da Ingilishi” a aji kawai yake. Majiyyacin da ke kwance a Alƙahira da Larabcin Masar zai faɗa maka inda yake masa ciwo, na Mosko kuma da Rashanci. Ɗalibin da bai koyi harshen ba sai ya ƙare a bayan layi, riƙe da littafi, malami yana hira da majiyyaci shi yana kallon bakinsu. Shekara uku a haka, ya dawo ya haddace sunan kowace jijiya amma bai iya ɗaukar tarihin ciwo ba. Don haka ka fara koyon harshen tun shekarar farko, lokacin da karatun bai yi nauyi ba. Wanda ya yi Islamiyya da kyau, Masar ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba.

Dogon hutu kuma kada ya tafi a ziyarar dangi kaɗai. Nemi izinin bin likitoci a asibitin koyarwa na kusa da ku, ko Aminu Kano, ko Shika, ko na Sakkwato. A nan za ka ga zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sikila, da sanƙarau, da jijjigar masu ciki, abubuwan da ba lallai ka gani a Sin ba, alhali a kansu za a tambaye ka.

Maganar kuɗi: lissafa na shekarun gaba ɗaya da dala, ba da naira ba. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba, farkon 2024 ta haura 1,400, kuma iyaye da dama a nan suka sare. Kuɗin makaranta ka tura asusun makarantar, ba na ejan ba. In tallafin gwamnatin jiha ne, ka tanadi abin da zai riƙe ka wata uku, don alawus yana makara.

Idan ka gama, kai takardunka a tantance su, sannan ka yi rajistar jarrabawar MDCN ta waɗanda suka yi karatu a waje. Akwai ta kwamfuta, akwai kuma wadda za a tsaya a ga yadda kake duba majiyyaci. Ka ci, a ba ka lasisin wucin gadi, ka yi wata goma sha biyu na horon asibiti, wata uku-uku a sashen cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Daga nan sai cikakkiyar rajista da bautar ƙasa, in shekarunka ba su wuce talatin ba lokacin da ka kammala.