Yadda shugabannin ƙungiyoyin sa-kai za su daina zargin juna su fara aiki tare

Tun da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, daga baya USAID, hukumar Amurka mai ba da wannan tallafi, ta naɗe tabarmarta, duk mai riƙe da ƙungiyar sa-kai a arewa ya ji a jikinsa. An sallami ma'aikata, an rage ofis, shi kuma shugaba shi ne mai rubuta furofozal (takardar neman tallafi) shi ne direba shi ne mai ba ma'aikata haƙuri in wata ya ƙare ba albashi, kuma ba shi da wanda zai faɗa wa ya gaji. Kowa sai cewa yake a haɗa kai, to amma ta yaya za ka haɗa kai da wanda kake zargin zai ɗauke maka furofozal ya canza suna? Ga yadda mu muka bi.

Abu na farko, ka manta da wokshop. A otal kowa da babbar riga yake zuwa, a sha shayi a karɓi kuɗin mota a watse, ba wanda ya san ciwon wani. Zumunci a ƙafa yake, ka tashi ka je ofishin mutum ba tare da kana neman komai ba. Ni na fara da wata Hajiya mai ƙungiyar zawarawa da marayu, ofishin nata shago ne guda ɗaya, benci biyu da fankar da ba wuta. Ta ce Malam lafiya dai ko? Na ce lafiya lau Hajiya, gaisuwa ce kawai. Wallahi ba ta yarda ba, sai a zuwa na uku ta jawo wani littafi mai baƙin bango ta nuna min sunayen yaran da aka koro daga makaranta saboda kuɗin zango, tana buɗe shafi tana cewa wannan ma ban san yadda zan yi da shi ba. Ranar muka fara magana ta gaskiya.

In ka samu irin waɗannan mutum biyar ko shida, ku tsaya a nan, kar ku buɗe guruf ɗin WhatsApp mai mutum ɗari biyu da ba a komai sai tura barka da Juma'a. Ku sa rana ɗaya a wata, zaman yana zagayawa kamar adashi, yau ofishin wannan gobe na wancan, mai masauki ya kawo ko da ruwan leda ne. Sharaɗi biyu kawai: abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, sannan kowa zai fara ne da abin da ya gagare shi a watan. Kai da ka kira zaman kai za ka fara tona naka, ka ce odita ya kama mu da rasit ɗin da bai cika ba, ko rabon da na yi barcin kirki na manta. In babba ya faɗi haka sai ka ga kowa ya saki jiki, kuma gaskiya rabin gajiyar nan daga ɓoye ta take zuwa.

Kar ku yi gaggawar neman tallafi tare. Ku fara da ƙaramin aikin da ba kuɗin kowa a ciki, irin na gayya, yashe kwata kafin damina ko zuwa asibiti ba da jini. A nan za ka gane mai cika alkawari da wanda sai an gama yake zuwa da mai hoto. Mu ma an taɓa yi mana, wata babbar ƙungiya ta zo ta kafa banarta gaban aikin da muka yi sati biyu muna yi, washegari muka gani a Facebook ko sunanmu babu. Har yau ina gaisawa da su amma akawun ɗaya kam a'a.

Shi ya sa ranar da kuɗi zai shigo, ku rubuta komai tun kafin alat ya faɗo, ko da kuwa kun zama kamar 'yan uwa. Akawun ɗin wa za a yi amfani da shi, su wa za su sa hannu (mutum biyu daga ƙungiya daban-daban), nawa kowa zai ɗauka na gudanar da ofis, tambarin wa zai hau bana da rahoto. Kasafin a buɗe shi gaba ɗaya kowa ya gani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya fi gogewa kuma ya taimaki ƙarami da takardunsa, rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi) da rahoton shekara da satifiket ɗin SCUML (sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram), don banki na tambaya kuma ƙananan ƙungiyoyi da yawa a nan suke maƙalewa.

In saɓani ya taso, kuma zai taso, kar a yi shi a guruf. Ka je ka same shi, in abin ya fi ƙarfinku ku nemi dattijon da ku biyun kuke jin kunyarsa.

Sai maganar hutu, wadda shugabanninmu ke ɗauka kamar abin kunya. Ka miƙa wa mataimakinka ragama na sati guda ka kashe waya, ka roƙi ɗaya daga cikin abokan zaman ya riƙa leƙa shi. Irin wannan yarda a ranar tsanani take amfani. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, unguwannin Gwange da Fori duk ya shiga, ba wanda ke da lokacin tsayawa gabatar da kansa ko rubuta wasiƙar neman haɗin gwiwa, wanda kake da lambarsa kuma ka san zai ɗauka da tsakar dare shi za ka kira. Hajiya yanzu in na kashe waya ita ma'aikatana ke nema, ranar nan ma ita ta ara mana janareto.