Yadda zaka kai Uluru da karaban ba tare da ka sha wuya ba

In kana Ostireliya kuma kana son ganin dutsen Uluru, ka fara da lokaci tukuna. Ka tafi tsakanin Mayu da Satumba, lokacin sanyinsu kenan, da rana daidai amma da dare sai ka nemi bargo biyu don sanyin yana kusa da sifili. Disamba da Janairu kam kar ma ka soma, zafi na wuce digiri 40.

Karaban ɗin nan ɗaki ne da ake ja a bayan mota, da gado da ɗan kicin. Daga garin Alice Springs zuwa Yulara, ɗan garin dake kusa da Uluru, kusan kilomita 450 ne, ka bi Stuart Highway zuwa Erldunda sannan ka karya kwana ka hau Lasseter Highway. Duk gidan man da ka gani ka cika tanki ko da rabi ya rage, domin jan karaban shan mai yake sosai kuma gidajen man suna da nisa da juna. Cefane ma a Alice Springs zaka yi, Yulara akwai tsada. Ruwa kuwa jarkoki, ba gora biyu ba.

Abin da nafi jaddadawa shine kar ka yi tuƙin dare, wallahi ba wasa. Raƙuman daji da shanu da kangaru suna yawo kan titi babu shinge, ga manyan tirelolin nan masu jan bodi uku da tsawonsu ya haura mita 50, in zasu wuce ka riƙe sitiyari da kyau don iskarsu na kaɗa karaban. Kusa da Curtin Springs zaka hango wani dutse mai shafaffen kai, kar ka fara murna, Mount Conner ne.

Ba a kwana cikin gandun dajin da dutsen Uluru yake ciki, sai a sansanin Ayers Rock Resort dake Yulara, ka kama wuri mai wutar lantarki tun da wuri don yana cika. Tikitin shiga gandun na kwana uku ne.

Hawa dutsen an hana tun 26 ga Oktoba 2019, mutanen Anangu masu ƙasar ne suka nemi haka, sai dai ka zagaye shi a ƙafa, kilomita 10 da ɗan ɗori, ka fita da asuba. Inda aka rubuta kar a ɗauki hoto, ka mayar da wayarka aljihu. Ka sayi ragar fuska kuma, ƙudajen wurin basu da kunya.