Darasi na Tara: Kula da Injin Busar da Kaya

A yawancin gidajenmu rana ce ke busar da wanki. A ɗaura igiya a tsakar gida, a shanya da hantsi, kafin la'asar an kwashe. Amma injin busar da kaya ya shigo gari. Akwai shi a shagunan wanki da guga na Abuja da Kano da Kaduna, da otal-otal, da gidajen da wasu daga cikinku ke aiki. A Ingila da Amurka kuwa, inda sanyi da ruwan sama ke hana shanya a waje, gidaje da yawa da shi suka dogara. Wanda ya san yadda ake kula da shi ya huta da kiran mai gyara, ya kuma tsare gida daga gobara.

Yadda yake aiki

Buɗe ƙofar injin ka leƙa. Wannan babbar gangar ƙarfe ita ake zuba jiƙaƙƙen kaya a ciki. Wani siririn bel ne ya zagaye ta, shi ke juya ta. A ɓoye akwai wayar da ke yin zafi idan wuta ta bi ta cikinta, irin ta dutsen guga. Fanka na jan iska ta kan wayar, iskar ta yi zafi, ta ratsa kaya, ta kwashi danshi, ta bi ta cikin wata raga, sannan ta fita waje ta bututu.

Ka riƙe wannan da kyau: injin numfashi yake yi. Idan hanyar iska ta toshe, kaya ba za su bushe ba, wutar da zai sha ta ƙaru, cikinsa kuma ya yi zafi fiye da kima. Yawancin abin da mutane ke kira lalacewa toshewa ce kawai.

Abin da ke toshe ta shi ne burbushin zare. Duk tufar da ta juya a ganga sai ta zubar da shi, musamman tawul da bargo. Launinsa toka-toka, ga laushi kamar auduga, kuma yana kama wuta nan da nan. A shekarar 2015 kamfanin Whirlpool ya sanar a Birtaniya cewa miliyoyin injinansa masu tambarin Hotpoint da Indesit da Creda na da matsala: burbushi na iya taruwa ya taɓa wayar zafi ya kama. A watan Agustan 2016 irin wannan injin ya tayar da gobara a wani dogon bene da ke unguwar Shepherd's Bush a Landan. Abin da ake sharewa da yatsa biyu ke nan ya raba mutane da muhallinsu.

Raga

Kafin ka taɓa komai, kashe injin ka zare fulogi daga soket. Kada ka ce ai a kashe yake.

Ragar na bakin ƙofa ta ƙasa, a wasu injinan kuma a sama take. Zaro ta. Jiƙa yatsanka kaɗan ka murza daga gefe ɗaya, za ka ga burbushin ya naɗe ya taso kamar fatar albasa. A yi haka bayan kowace busarwa, ba sau ɗaya a mako ba. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

Akwai dattin da ido ba ya gani. Ruwan ƙamshin da ake zubawa don tausasa tufafi yana barin wani maiƙo a ramukan ragar. Ga gwaji: tara ta a ƙarƙashin famfo. In ruwa ya wuce, lafiya lau. In ya kwanta a kai kamar a faranti, wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a hankali don kada ta yage. Sai ta bushe sarai za ka mayar. Yagaggiyar raga sauyawa ake yi, ba a lallaɓa ta. Haska tocila a ramin da take zama, ka zaƙulo abin da ya maƙale.

Bututu

Nan ne aka fi sakaci, don yana bayan injin, ba mai ganinsa. Faɗin bututun inci 4 ne, wato kamar santimita 10. Na taɓa ganin wanda aka ciro a wani shagon wanki, mai shagon na ta kuka da injin, wai sai ya yi zagaye biyu kafin kaya su bushe. Da aka zazzage bututun, abin da ya fito ya cika roba guda: burbushi ya haɗu da ƙurar hunturu ya dunƙule. Ba a sayi ko ƙusa ba, injin ya dawo daidai.

Aƙalla sau ɗaya a shekara, ja injin gaba, kwance zoben da ya riƙe bututun da sukundireba, ka fitar da shi waje ka kakkaɓe, ka bi cikinsa da dogon buroshi. Ni a ganina, inda ƙurar hunturu ke da yawa, ko a shagon da injin ke aiki kullum, sau ɗaya ya yi kaɗan. Wajen mayarwa kada ka matse injin da bango har bututun ya lanƙwashe. Gajere miƙaƙƙe ya fi dogo mai kwana-kwana, na ƙarfe kuma ya fi na roba. Daga nan kunna injin, fita waje ka tara hannu a bakin bututun. Ya kamata ka ji iska mai ɗumi na bugun tafinka da ƙarfi.

Wasu injinan ba su da bututu. Su ruwan suke tarawa a wani ɗan tanki, wanda ake zubarwa bayan kowace busarwa. A ƙasansu akwai ƙaramar ƙofa, ita ma burbushi na taruwa a bayanta.

Abin da ba a sa wa

Tufar da fetur ko kananzir ko man girki ya jiƙa ba ta shiga injin nan, ko da an wanke ta, domin wanki ba ya fitar da mai gaba ɗaya. A kai ta igiya. Haka soso da leda da duk mai roba a jiki. Lalube aljihu, kada ashana ko leta ta bi kaya. Kada a cusa kaya har ganga ta cika, iska na bukatar wurin wucewa. A bar injin ya gama da kansa, don a ƙarshe yana hura iska mai sanyi. In dole ta sa an tsayar da shi a tsakiya, a kwashe kayan a baza su sha iska. Kada kuma a bar shi yana aiki a kwanta barci ko a fita unguwa.

Injin na jan wuta sosai, wat 2,000 ko fiye, saboda haka soket ɗinsa na bango shi kaɗai, ban da wayar ƙari. Taɓa fulogin bayan aiki. In ya yi zafi ko ya yi baƙi, kada a sake kunnawa.

Inda hannunka zai tsaya

In ka ji ƙaurin ƙonewa, ko injin na ƙara amma ganga ba ta juyawa, ko tana juyawa babu zafi bayan ka share raga da bututu, zare fulogi ka kira mai gyara. Wataƙila bel ya tsinke ko fiyus ɗin zafi ya ƙone. Kada ka yarda a haɗe waya a tsallake fiyus ɗin, shi ne ke yanke wuta idan zafi ya wuce iyaka. Injin da ke aiki da gas kuwa, kada ka kwance masa komai da kanka.

Aikin gida

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku a littafinka: raga, bututu, ganga, fulogi. Sannan ka rubuta da babban baƙi a kan takarda, "A share raga bayan kowace busarwa," ka manna a jikin injin da kake aiki da shi, tare da ranar da aka share bututu.